Kundin Binciken Ɗalibi a Manhajar Hausa: Batu, Fage da Rabon Maki

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan da ɗalibin Hausa yake ɗauka kafin a ba shi takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato N.C.E., ko digirin farko, akwai guda ɗaya da ba a shiga aji a koyar da shi, ba a kuma zauna masa jarrabawa a zaure. Wannan shi ne aikin bincike na shekarar ƙarshe, wanda aka fi sani da kundi. Ɗalibi ne yake zaɓen batu, ya nemo bayanai, ya tsara su, ya rubuta, sannan a ba shi makin da zai shiga cikin sakamakonsa kamar na kowane darasi. A jami'o'i da yawa nauyin kundi yakan kai kiredit 6, wato ya ninka na darasi guda, kuma wanda bai miƙa kundinsa ba, ko da ya ci sauran darussa duka, karatunsa bai kammala ba.

Wannan maƙala ta dubi yadda ake kai wannan aiki ga gaci, musamman a makarantun kudancin ƙasar nan inda ake nazarin Hausa a matsayin harshe na biyu. Ra'ayinmu shi ne, muddin aka ci gaba da ɗora makin gaba ɗaya a kan littafin da aka ɗinke aka kawo a ƙarshen zango, to, babu yadda malami zai tabbatar ko ɗalibi ya yi bincike ko bai yi ba. Abin da ya cancanci a auna shi ne tafiyar aikin tun daga zaɓen batu har zuwa ranar karewa.

2.0 Matsayin Kundi a Manhaja

Manufar Ilimi ta Ƙasa wadda aka fara bugawa a 1977, aka kuma sake bitarta a 1981 da 1998 da 2004, ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan ƙasa uku, wato Hausa da Ibo da Yarabanci, baya ga harshensa na gida. Wannan shi ya haifar da buƙatar malaman Hausa a jihohin kudu, har kwalejojin ilimi irin su na tarayya da ke Abekuta da Oyo suka buɗe sassan Hausa. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar a waɗannan kwalejoji, kamar yadda Hukumar Kula da Jami'o'i take yi wa jami'o'i. Duk sauye-sauyen da aka yi wa waɗannan tsare-tsare, har da sabon tsarin jami'o'i da aka ƙaddamar a watan Disamba na 2022, ba su taɓa kundi ba. Yana nan a matsayin wajibi. A 2025 ma Gwamnatin Tarayya ta ƙara masa nauyi, inda ta shardanta ajiye kundi a rumbun bayanan ilimi na ƙasa kafin a tura ɗalibi hidimar ƙasa.

A matakin sakandare kuwa, tsarin 6-3-3-4 ya zo da auna fahimtar ɗalibi a kai a kai, kuma a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC aikin makaranta yana da kashi 30 cikin ɗari, jarrabawar ƙarshe tana da 70. Ƙaramin aikin bincike yana cikin hanyoyin da aka amince a samar da wannan maki, sai dai mafi yawan malamai sun fi dogaro da gajerun gwaje-gwaje na cikin aji, domin sun fi sauƙin dubawa. Sakamakon haka shi ne, ɗalibi yakan kai shekararsa ta ƙarshe a kwaleji bai taɓa fita ya tambayi wani mutum wani abu ya rubuta amsar da hannunsa ba. Rana ɗaya kuma sai a ce ya kawo babi biyar.

3.0 Zaɓen Batu

Yawancin kundayen da suke lalacewa, tun daga take suke lalacewa. Duk wanda ya leƙa kantocin da ake jibge kundaye a sassan Hausa zai ci karo da take irin su matsalolin koyar da Hausa a makarantun sakandare, ko bukukuwan aure a ƙasar Hausa, ko tasirin finafinan Hausa a kan tarbiyyar matasa. Na farko tun kafin a buɗe shi an san abin da zai gano: ƙarancin malamai, ƙarancin littattafai, da rashin sha'awar iyaye. Na biyu kuwa, ɗalibin da ke zaune a Abekuta, wanda bai wuce shekara uku da fara jin Hausa ba, ba shi da wata hanyar yin sa sai ya kwafo daga littafi ko daga kundin wanda ya riga shi. Laifin bai tsaya ga ɗalibi kaɗai ba, domin malami ne ya sa hannu a kan taken.

Abin da aka cika mantawa da shi shi ne, ɗalibin kudu bai yi nisa da Hausawa ba. Akwai Sabo a Ibadan da Shagamu da Abekuta da Ile-Ife, akwai Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 a Legas, akwai Ama Hausa a Owerri, akwai Bogobiri a Kalaba, ga kuma kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya. Wasu daga cikin waɗannan zangunan sun haura shekara ɗari. Sabon Ibadan, alal misali, an kafa shi ne a 1916, kuma a nan ne Abner Cohen ya zauna a farkon shekarun 1960 ya yi nazarin fataucin goro da na shanu da matsayin masu gida da dillalai, aikin da aka buga a 1969. Idan wani ya taso daga wata ƙasa ya sami abin cika littafi a unguwa ɗaya, ɗalibin da kuɗin motarsa zuwa unguwar bai taka kara ya karya ba bai kamata ya rasa abin cika shafi arba'in ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce ɗaliba ta zo da take a kan sana'o'in Hausawa. Mai duba aiki zai tambaye ta wace sana'a, a ina, kuma me take son sani game da ita. Da haka za a sauko daga sana'o'i zuwa cinikin goro, daga cinikin goro zuwa kalmomin cinikin goro, daga nan zuwa kalmomin cinikin goro a bakin 'yan kasuwar Sabon Shagamu. Yanzu aiki ya sami iyaka. Ƙamusoshi sun riga sun kawo kalmomi irin su marsa da minu da daushe da hannunruwa da huhu da fita da sankara, sun kuma nuna cewa ƙwaryar goro ɗari ce. Aikin ɗalibar shi ne ta binciko waɗanne ne har yanzu suke raye a wannan kasuwa, waɗanne ne ma'anarsu ta sauya, waɗanne ne aka maye gurbinsu da na Yarabanci ko na Ingilishi, kuma ko dattijo ɗan shekara 70 da saurayin da aka haifa a unguwar suna kiran abu da suna ɗaya. Za ta iya gwada abin da ta samu da ƙamusun Bargery na 1934 da kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Hausa ta daɗe tana aro daga Yarabanci, ga su ashana da akawu da agogo sun zama 'yan gida. Amma abin da ake ara yau a bakin kasuwa, sai wanda ya je ya saurara ne zai iya faɗa.

A nan ne ma ɗalibin da Hausa take harshensa na biyu ya fi takwaransa na Kano ko Sakkwato wata dama. Idan Bayarabe ne, kunnensa zai kama kalmar Yarabanci da ta shige cikin zancen Bahaushe, ya kuma san asalinta da yadda aka sarrafa ta. Haka ɗalibin da yake jin Ibo zai yi a Lokpanta ko Ama Hausa. Abin da ake ɗauka rauni ne gare shi, a irin wannan batu shi ne jarinsa.

Saboda haka, kafin a amince da take, ya kamata mai duba aiki ya gamsu cewa ɗalibi zai iya zuwa wurin ya dawo a yini guda, cewa tambayar da yake yi ba a riga an san amsarta ba, kuma cewa za a iya faɗin tambayar a jimla ɗaya. Taken da ya kasa cika waɗannan, gara a mayar da shi tun a makon farko.

4.0 Fita Fage da Juya Magana Zuwa Rubutu

Nazarin Hausa na zamani da tattara magana daga baki ya fara. Littafin Magana Hausa da J. F. Schön ya buga a 1885, babban ɓangarensa daga bakin Dorugu aka rubuta shi. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi da labarai juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913 da taimakon malamai masu rubutun ajami. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta da hannu, aka buga shi a 1954. Ɗalibin yau yana ɗauke da na'urar ɗaukar magana a aljihunsa, wato wayarsa, abin da waɗancan ba su samu ba. Duk da haka, hanyar da ta fi yawa a kundaye ita ce takardar tambayoyi: a buga kwafi 50, a raba wa abokan karatu, a fitar da kashi kaza cikin ɗari sun amince, kashi kaza ba su amince ba. Takardar tambayoyi tana da wurinta, musamman a binciken da ya shafi aji da dabarun koyarwa, amma ba ta kama harshe kamar yadda ake furta shi, kuma babu abin da ya fi ta sauƙin ƙagawa a ɗaki.

Shiga fage yana da ladubba, kuma wajibi ne a koyar da su kafin a sallami ɗalibi. Da ɗan gari akan ci gari. Kowane zango yana da Sarkin Hausawa ko mai unguwa, kowace kasuwa tana da shugabanninta, kuma takardar gabatarwa daga sashe zuwa gare su takan buɗe ƙofar da ɗalibi shi kaɗai ba zai iya buɗewa ba. Mace ta fi samun damar shiga gidaje ta yi hira da mata, namiji kuwa iyakarsa zaure ko rumfar kasuwa, don haka jinsin ɗalibi ma abin lura ne tun wajen zaɓen batu. Ba a kunna na'ura sai an nemi izini an kuma bayyana abin da za a yi da maganar. Da can ana ɗaukar wannan a matsayin ladabi kurum, amma tun da aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya a 2023, muryar mutum da sunansa sun shiga cikin abubuwan da doka take karewa.

Tare da waya, ɗalibi yana buƙatar littafin fage na takarda. A ciki zai riƙa rubuta ranar kowace fita, da wurin, da shekarun wanda aka zanta da shi, da inda aka haife shi, da harsunan da yake ji, da duk abin da ido ya gani wanda na'ura ba ta ɗauka ba. Wannan littafi, da ƙurarsa da gyare-gyarensa, shi ne shaida mafi ƙarfi cewa an je.

Aikin da ya fi wahala, wanda kuma ya fi koyar da ɗalibi, shi ne juya abin da aka ɗauka zuwa rubutu. Hirar awa ɗaya takan ci awa 5 ko 6 a hannun wanda ya ƙware, balle mai koyo. Shi ya sa muke ganin hira 6 zuwa 8 masu tsawon minti 20 sun wadatar da kundin N.C.E., in dai an rubuta su sosai. A nan ne duk abin da aka koya a darasin tsarin sauti da ƙa'idojin rubutu yake fuskantar gwaji na gaske. Wanda bai rarrabe kafa da ƙafa, ko bari da ɓari a kunne, ba zai rarrabe su a takarda ba. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka gari na zama da gari na tuwo kamanninsu ɗaya, haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama da fari jam'in fara. A jerin kalmomin da kundi zai kawo, ya dace a nuna tsawo da kari, ko da ba a nuna su a cikin sauran rubutun ba.

Akwai wani kuskure da ya kamata a ja kunnen ɗalibi a kansa tun da wuri, domin kyakkyawar niyya ce take jawo shi. An shekara uku ana horar da shi a kan Daidaitacciyar Hausa, saboda haka da ya ji mai magana ya ce mace ya zo, ko ya furta ƙ kamar k, sai hannunsa ya gyara ba tare da ya sani ba. Alhali kuwa ɓacewar bambancin jinsi da sassautowar sautuka masu ƙugiya abubuwa ne da masana suka daɗe da lura da su a Hausar da ake yi nesa da cibiya, kamar ta zangunan Ghana. Idan ana samun irin haka a bakin matasan Agege ko Bogobiri, to, shi ne ainihin abin da binciken ya gano, kuma wanda ya gyara shi ya goge sakamakonsa da hannunsa. Ƙa'idar ita ce, bayanin ɗalibi da Daidaitacciyar Hausa, maganar mai magana kuwa yadda ta fito daga bakinsa.

Game da babin bitar ayyukan da suka gabata, ba za mu tsawaita ba. Ya zama wurin jera ma'anar harshe da ma'anar al'ada daga bakin masana goma waɗanda ɗalibi bai taɓa riƙe littafin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ayyuka 5 da aka karanta da gaske, waɗanda suka shafi batun kai tsaye, sun fi amfani, kuma mai duba aiki yana da damar ya ce a kawo masa littafin ko hoton shafin.

5.0 Lokaci da Mai Duba Aiki

A kwalejojin ilimi, koyarwar gwaji takan cinye babban ɓangare na shekarar ƙarshe, sai kundi ya faɗo a 'yan makonnin da ɗalibi yake shirin jarrabawa. Mafita ita ce a amince da take tun a ƙarshen shekara ta biyu, a kuma haɗa tattara bayanai da shirin nan na zama cikin masu harshe da ake tura ɗaliban harshe na biyu. Ɗalibin da ya tafi da tambaya a hannu ya fi wanda ya tafi yawon buɗe ido cin moriyar zaman.

Malamin da aka ɗora wa ɗalibai 30 ba zai saurari hirar kowa ba, iyakarsa ya gyara ƙa'idojin rubutu ya sa hannu. Inda malamai suka yi ƙaranci, ana iya haɗa ɗalibai 4 ko 5 a fage ɗaya, kowa da tambayarsa: wannan kalmomin ciniki, wancan sunayen yara, waccan gaishe-gaishe. Sai a riƙa ganawa da su tare duk mako biyu, amma kowa ya rubuta nasa, a kuma ba shi makinsa shi kaɗai.

6.0 Rabon Maki da Kare Kundi

Sayen kundi daga shagunan buga takardu da ke bakin makarantu tsohuwar matsala ce. Abin da ya ƙaru shi ne, tun daga ƙarshen 2022 da na'urorin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka shiga hannun kowa, ana iya samar da babi biyar cikin dare ɗaya, har da sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba. Na'urorin gano satar fasaha kuwa suna gwada rubutu ne da abin da yake cikin rumbunsu, alhali mafi yawan tsofaffin kundayen Hausa suna kan takarda a kanta. Don haka littafin da aka ɗinke, komai kyan bangonsa, ya daina zama hujja a karan kansa. Abin da yake da wuyar saye shi ne muryar ɗalibi a cikin hira yana tambaya ana ba shi amsa, da littafin fagensa, da iya bayanin abin da ya rubuta a gaban malamai.

Bisa wannan ne muke ba da shawarar a raba maki 100 kamar haka: 10 ga tsarin bincike da aka gabatar tun farko, 25 ga littafin fage da hirarrakin da aka ɗauka, 15 ga juya su zuwa rubutu, 30 ga kundin kansa, 20 ga karewa da baki. Kowane kashi a ba da shi a lokacinsa, a shigar da shi a takardar sashe, kada a jira ƙarshe. Da wannan tsari, wanda ya sayo kundi bai wuce ya sami 30 ba, wanda kuwa ya yi aikin fage da gaske amma alƙalaminsa bai nuna ba, ba zai faɗi ba. Muna sane da cewa wasu za su ga an rage darajar rubutu. Amsarmu ita ce, wanda ake horarwa malamin Hausa ne da zai tsaya gaban aji, kuma jin magana daidai da rubuta ta daidai suna daga cikin abin da za a biya shi albashi dominsa.

Karewa ba ta buƙatar biki. Minti 15 a gaban malamai biyu sun isa, kuma da Hausa za a yi ta, kamar yadda kundin ma da Hausa ya kamata a rubuta shi. Uzurin rashin kalmomin fannu ya ragu ƙwarai tun da aka buga ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi na Hausa Metalanguage a 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Malami zai zaɓi minti biyu daga kowace hira da ya ga dama, a kunna, ɗalibi ya nuna wurin a rubutunsa, ya faɗi wanda yake magana da inda aka yi hirar, ya kuma bayyana dalilin da ya sa ya fassara wata kalma yadda ya fassara ta. Wanda ya yi aikin da kansa ba ya ɗaukar lokaci kafin ya gano shafin.

A sakandare ana iya yin ƙaramin samfurin wannan a cikin makin aikin makaranta: hira ɗaya ta minti 5 da mai shayi ko mai sayar da albasa, kalmomi 20 da ma'anarsu, da bayanin minti 3 a gaban aji.

Saura batun ajiya. A halin da aka saba, kundi yana hawa kanta, hirarrakin kuwa suna tafiya da wayar ɗalibi, ranar da wayar ta lalace ko aka sace ta shi ke nan. Ya kamata kowane sashe ya karɓi kwafin hirarrakin tare da kundi, a sa wa kowace lamba, a rubuta rana da wuri da shekarun mai magana, a ɓoye sunan wanda bai yarda a ambace shi ba, a kuma ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban. Sashen da ya yi haka shekara goma a jere zai mallaki taskar Hausar zangon da ke kusa da shi, kuma ɗalibin da ya zo daga baya zai iya komawa kasuwar da aka yi hirar farko ya gwada abin da ya ji da abin da aka ɗauka kafin zuwansa.